Da Fulawarmu Na Je Italiya

Tun da na dawo daga Italiya ban huta da tambaya ba. A ƙofar masallaci a tare ni, a bakin shago a tare ni, har Malam Tanimu mai shayi ya ce ba zai ƙara zuba mini madara ba sai na ba shi sabon labari. Kuma na lura da zarar magana ta bar bakina sai a ƙara mata gishiri. Jiya na ji wai an ɗaure ni a filin jirgi, wai da ƙyar aka yi belina. Shi ya sa na zauna na rubuta yadda abin ya faru, wanda ya sake tambayata in miƙa masa ya karanta da kansa.

Ga wanda bai san ni ba, sunana Sabo, shagona yana Kakuri a Kaduna. Da can gyaran inji nake yi a masaƙa. Da aka rufe ta sai na koma saye da sayar da ƙananan injina: na markaɗe, keken ɗinki, da ɗan injin nan na hannu da mata ke murza taliya da shi. Matan Makera da Tudun Wada masu sana'ar taliya, da yawansu a wurina suka sayi nasu. Kullum kukansu ɗaya ne, kafaɗa ta gaji, masu saye sun fi abin da hannu zai iya murzawa. Sai na yi tunanin in kawo babban inji mai wuta in kafa a Kakuri, mace ta kawo fulawarta a murza mata ta biya, kamar yadda ake kai markaɗe.

Akwai Emeka, ƙanin makaniken da ke jikin shagona. A Kakuri aka haife shi, Hausa a bakinsa kamar tawa, amma ya daɗe a Italiya yana aiki a wata masana'anta. Shi ya samo mini wani tsoho a ƙaramin gari kusa da Parma da zai rufe wurin sana'arsa, yana son sayar da injin taliyarsa. Ya turo mini hoton injin a waya, fari fat yana ƙyalli. Don in haɗa kuɗinsa da na tafiya sai da na sayar da filinmu na Kamazou. Matata Hajiya Binta ta riga ta dasa mangwaro a filin nan, ta riga ta nuna inda kicin ɗinta zai zauna. Ba ta hana ni ba. Abin da ta ce kawai shi ne, "Alhaji, in ka dawo mana da ƙarfen da ba ya aiki, a kansa za mu yi gini?"

Ina da ƙa'ida ɗaya a sana'ata. Ba na sayen inji sai an kunna shi a gabana, kuma ya ci irin abin da zai riƙa ci a hannuna. Injin markaɗe in gwada shi da dawarmu, keke in gwada shi da yadinmu. Saboda haka kafin in tashi na je wurin Hajiya Ladi, babba a cikin masu taliyar Makera, na ce ta auno mini fulawa daga buhun da take aiki da shi. Ta ƙulla mini a fararen ledoji, na jera su a ƙasan akwati.

Maganar biza ba zan tsaya a kanta ba, wanda ya taɓa nema ya san wuyarta. Jirgin ƙasa na bi zuwa Abuja, daga nan jirgin sama ya sauke mu a Addis Ababa, muka canza wani zuwa Milan. Kusa da ni wata 'yar Benin ce mai sayar da gashin kanti, ta sha zuwa ƙasar. Da ta ji abin da ke cikin akwatina sai ta dafe kai ta ce da Turancin kasuwa, ɗan Najeriya, da farin gari, a leda marar suna? Ta ce in fara addu'a tun yanzu. Sai a lokacin na ga yadda ledojin za su zama a idon wani.

Ba ta yi ƙarya ba. Ina ɗaukar akwati wani jami'i ya yafito ni gefe. Ya buɗe, ya ɗaga kaya, ya ga ledojin Hajiya Ladi a jere. Ya kira wani, wancan ya zo da kare. Karen ya shinshina ya yi atishawa ya kau da kai. Duk da haka suka kai ni wani ɗaki, suka ɗebi kaɗan suka zuba a kwalba suka ɗiga masa magani. Ni dai na zauna na harɗe hannu, don na san abin da na ɗauko.

Da gwajin ya nuna ba komai, babbansu ya tambaye ni da ɗan Turancinsa, wanda bai fi nawa ba, me ya sa mutum zai kawo fulawa Italiya. Na fito da waya na nuna masa matanmu suna murza taliya suna shanyawa a igiya. Ya kalla, ya sake kalla, ya kira sauran suka taru a kan wayata. Ɗaya ya tambaya da me muke ci. Na ce da manja da yaji. Ya rufe ido kamar na faɗa masa rasuwa. Suka mayar mini da ledojina, har da wadda suka farka, sun liƙe ta da salatif. Wannan shi ne ɗaurin da Malam Tanimu yake ba ku labari.

Emeka na jirana a waje. Ya rungume ni ya ce, "Oga Sabo, ai na ɗauka sun mayar da kai."

"Fulawa ce ta tsayar da ni."

"Fulawa? Ka zo ƙasar taliya da fulawa? Wallahi Bahaushe sai a bar shi."

Jirgin ƙasa muka hau zuwa garinsu. A nan na koyi cewa sayen tikitin takarda bai isa ba, sai ka cusa shi a wani ɗan akwati a tasha ya buga masa hatimi. Emeka ya manta bai gaya mini ba, sai da mai duba tikiti ya tsaya a kaina yana ta faɗa da hannuwa. Mutanen nan da hannu suke rabin maganarsu. In ka ɗaure wa Ba'italiye hannu, ina jin ka rufe masa baki ke nan. Emeka ya ba shi haƙuri, mutumin ya yi rubutu a bayan tikitin ya wuce yana girgiza kai.

Gidan Emeka ƙarami ne kuma da iyalinsa, sai ya kama mini ɗaki a wurin wata dattijuwa, Sinyora Roza, mai ba baƙi hayar ɗakuna. Mace mai tsabta da yawan magana. Da ta ga ina shimfiɗa darduma, washegari na tarar ta janye gadon gefe don in sami fili. Na roƙi Emeka ya gaya mata ba na cin alade ba na shan giya, ta riƙe wannan da gaske, kullum sai ta nuna tukunya ta nuna ƙirjinta, wato in kwantar da hankali.

Abincinsu kuwa, karin kumallo ɗan burodi ne mai zaƙi da kofi a wani ƙoƙon da bai fi murfin kwalba ba. Kurɓa ɗaya ya ƙare, a tsaye ma suke sha. Na tuna kofin Malam Tanimu da mutum zai iya wanke fuska a ciki. Taliyarsu da na fara ci na ɗauka gas ne ya ƙare wa Sinyora Roza, don tsakiyarta da sauran tauri. Emeka ya taka mini ƙafa ya ce haka ake cinta, kada in kuskura in ce ba ta dahu ba. Da rana tsaka kuma gari ya mutu, kowa ya rufe shago ya tafi cin abinci, ko da mai saye na tsaye da kuɗi a hannu. A Kakuri wanda ya yi haka maƙwabcinsa ya gode masa. Gaisuwarsu gajeriya ce, kalma ɗaya an wuce, ba mai tambayar iyali ko gajiya. Amma in suka zauna cin abinci sai ka rantse ba su da wani aiki a duniya.

Ranar da Emeka ya sami hutu muka je wurin tsohon. Sunansa Aldo, ni Baba Aldo na riƙa ce masa. Gajere ne mai kaurin hannu, gira duk furfura. Ya kai mu bayan gida ya yaye leda, ga inji nan ya fi yadda na gani a waya kyau. Irin wanda ake zuba gari da ruwa ta sama, ya kwaɓa da kansa, ya matso taliya ta wasu ƙananan ramuka. Na zagaya shi, na duba waya da bel, ban ga aibu ba. Na ce wa Emeka ya gaya masa ina son a kunna, kuma da fulawata.

Tsohon ya murza fulawar a yatsa ya yi tsaki irin nasu. Emeka ya fassara: wannan garin burodi ne, su da wani gari mai tsakin-tsaki suke taliya. Kuma ya riga ya kwance injin ya wanke ya shafa mai, in aka sa masa ƙullu wankinsa aikin yini ne, bayansa ba zai iya ba. Kuma tun da yake bai taɓa sayar wa kowa da abin banza ba. Na ce Emeka ya sake roƙonsa. Ya sake, tsohon ya mayar da leda ya rufe injin. Na fito da waya don ta fassara mini, ya juya mata baya. Ashe ya tsani a sa masa waya a fuska.

A hanya Emeka ya ce, "Oga, ni fa ba zan sake tambayarsa ba. A nan in ka matsa wa dattijo irin wannan, kamar ka ce masa maƙaryaci ne. Ni zan ci gaba da zama a garin nan bayan ka tafi. Injin lafiyarsa ƙalau, ka biya kawai."

"Na san lafiyarsa ƙalau. Abin da ban sani ba, ko zai ci fulawar Hajiya Ladi. Fili na sayar, Emeka. In ba za ka faɗa ba, koya mini in faɗa da bakina. Yaya ake cewa mu kunna shi?"

A teburin Sinyora Roza aka yi karatun. Kalma ɗaya ce tal, amma doguwa: accendiamola. Emeka ya ce a cikinta akwai kunnawa, akwai mu, akwai injin, duk a dunƙule. Ya faɗe ta da sauri, na kama kai na rasa wutsiya. Sinyora Roza tana yanka albasa ta ji, ta ajiye wuƙa ta zo ta ce shi ma Emeka ba daidai yake faɗa ba, shekarun nan duka yana cinye harafi ɗaya. Ta zauna ta riƙa buga tebur da tafin hannu, bugu ɗaya gaɓa ɗaya: ac, cen, dia, mo, la.

Da na ji ta a rarrabe sai na ga ai gida ce. Farkonta kamar za ka ce acca, wadda ake tuwo da ita, sai ka karkata ka ce acce. Wannan nannauyan harafin da ke ba Emeka wuya, mu da shi muka tashi, yana cikin bacci, yana cikin fitacce. Su ma idan c ta zo kafin e, yadda muke faɗinta suke faɗi. Na faɗa sau ɗaya, matar ta tafa hannu ta nuna ni ta harari Emeka.

Inda na sha wuya gaɓa ta uku ce. Bakina yana son ya raba ta biyu ya ce di-ya, ita kuwa tana son a haɗe a bugu ɗaya, dya. Kuma a kanta ake sauke nauyin kalmar, a ɗan ja ta, sannan mo da la su gangaro a hankali kamar mai saukowa daga matakala. Ni kuma sai in kai nauyin kan mo. Duk lokacin da na yi haka sai ta bugi tebur ta ce a'a. Emeka yana gefe yana dariya yana cewa, "Oga, ka ga abin da muke sha." Ina alwala ina maimaitawa, ina tafiya ina maimaitawa, ac-cen-dia-mo-la, har ta zauna.

Da muka koma ban sa babbar riga ba. Na ari rigar aikin Emeka, na naɗe hannu. Na ajiye ledojin fulawa a kan teburin Baba Aldo, na ajiye buroshi da tsumma da na saya a kusa da su. Na dafa injin, na dubi tsohon a ido na ce, "Baba Aldo, accendiamola."

Ya ɗaga gira. Ya sa hannu a bayan kunne, wato in sake. Na sake, na sauke nauyin inda Sinyora Roza ta koya mini. Ya tambayi Emeka wa ya koya mini, don ya san ba shi ba ne. Sannan ya nuna buroshin. Na ce Emeka ya gaya masa wannan kawai: shekaru na yi ina kwance injin masaƙa ina mayarwa, in mun gama ni zan wanke shi da hannuna, shi ya zauna a kujera ya nuna mini da sanda, ko na saya ko ban saya ba. Tsohon ya kama hannuna ya juya tafin ya duba kantar da ke ciki. Ya sake shi, ya je ya yaye ledar da kansa.

Injin ya tashi da murya mai daɗi, ba kaɗawa ba ƙara. Muka zuba fulawa da ruwa. Da farko taliya ta fito kamar abin arziki. Can sai ta fara manne wa juna, tana fitowa a cure kamar danƙo. Ya rage ruwa, ta riƙa gutsurewa. Ya canza bakin ramukan, ya sake kwaɓi, duk ɗaya. 'Yar wadda ta fito da kyau na rataya a igiya kamar yadda matanmu ke yi, kafin mu gama shan kofi ta tsattsage ta zube ƙasa. Injin ba shi da laifi, an yi shi ne don garinsu. Garin nan kuwa in an same shi a Kaduna, ba mai taliyar Makera da za ta iya sayensa ta ci riba.

Baba Aldo ya buɗe hannuwa, Emeka ya fassara a hankali: ya ce ba zai sayar mini ba ko na roƙe shi, don ba ya son a zage shi a wata ƙasa. Na tsaya ina kallon taliyar da ke ƙasa, mangwaron Hajiya Binta kawai nake gani. Amma alkawari na yi, na ɗauki sifana na fara kwance injin. Tsohon ya zauna yana nuna mini da sanda.

Ina neman inda zan zubar da ruwan wanki ne na ga wani abu a lungu an rufe da buhu. Ƙafafunsa na baƙin ƙarfe suka ja idona. Na ɗaga buhun. Tsohon inji ne mai manyan rodi biyu da ke murza ƙullu ya yi faɗi, da wuƙaƙen da ke yanka shi siri-siri. Wato ɗan injin hannun da nake sayarwa a Kakuri, amma kakansa, da na'urar da ke juya shi da wuta a gindi. Fentinsa ya kwaile, sai dai da na juya shi da hannu ya tafi sumul. Kuma ƙaramar wuta yake ci, janareton shagona zai ɗauke shi.

Na waiwaya na nuna shi. "Accendiamola."

Wannan karon Baba Aldo dariya ya yi har da tari. Ya ce na mahaifinsa ne, ba na sayarwa ba ne, rabon da a kunna shi tun matarsa na da rai. Amma ya tashi ya jawo waya. Leda ɗaya ta rage, wadda jami'an filin jirgi suka liƙe da salatif. Na kwaɓa ta da hannu a roba, da tauri, yadda na sha ganin Hajiya Ladi na yi. Injin ya yi tari sau biyu ya kama. Ƙullu ya shiga ya fito shimfiɗe kamar yadi, muka mayar ta wuƙaƙen, taliya ta zubo dogo-dogo, kowane sili da kansa. Na rataya a igiya. Muka ƙarasa wankin babban injin, muka dawo, tana nan ba ta karye ba.

Shi ya dafa ta da kansa. Na roƙe shi ya bar tawa a wuta ta ƙara nuna, ya yi kamar zai yi kuka amma ya bari. Na fito da ƙullin yajin da Hajiya Binta ta sa mini a jaka na barbaɗa. Ya ɗanɗana a bakin cokali, ya sha ruwa kofi biyu, ya ce wa Emeka mutanen da ke cin wannan ba abin da zai ba su tsoro. Sannan da Emeka ya ba shi labarin matanmu masu taliya, da kansa ya ce in nuna masa su a waya, wayar da ya juya wa baya. Ya daɗe yana kallon Hajiya Ladi tana murzawa tana share gumi. Ya ce haka mahaifiyarsa take yi kafin a sayi wannan injin. Ya ce 'ya'yansa in ya mutu 'yan gwangwan za su kira su auna shi a kilo. Ya miƙo mini hannu muka yi ciniki, kuma bai tsauwala ba.

Ni na riga injin isowa gida, shi ya biyo ruwa ta Legas. Watannin da na yi ina jira ba wanda bai yi mini dariya ba. Wai na sayar da fili na je Turai na sayo tsohon ƙarfe, alhali ga mai ƙyalli an nuna mini.

Ranar da muka kafa shi a Kakuri, Hajiya Ladi ta zo da ƙullunta a roba, mata na biye da ita, kowace da nata. Hajiya Binta ta tsaya a bakin ƙofa da mayafinta tana ƙare wa injin kallo, daga kwailallen fenti har ƙafafu. Aka tayar da janareto. Na gyara tsayuwa na kai hannu wajen makunni, na buɗe baki zan faɗi kalmata, don na saba.

"Dakata, Alhaji," in ji Hajiya Binta. "Me kalmar take nufi ma?"

"Mu kunna shi."

"To ai ka ce mu. Matsa. Filina ne, ni zan kunna."

Na matsa. Ta danna. Ƙullun Hajiya Ladi ya shiga, taliya ta zubo, mata suka ɗauki guɗa. Hajiya Binta ta tara hannu ta ɗauki sili ɗaya, ta ja shi ta ga bai tsinke ba, ta naɗe shi a yatsa. Sannan ta juya ta dubi layin robobin da ya fita har bakin titi, ta ce da ni, "In an tashi sayen wani filin, ni zan zaɓa. Kuma da mangwarona za a fara."